Garnaɗa da Kwanan Jirgin Meliliya

Yaran yanzu ba sa yarda idan aka ce musu an yi zamanin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka tsada. To an yi, kuma a cikinsa na fara cin albashi. Shi ya sa malamin firamare irina, haifaffen wani ƙauye kusa da Runka a ƙasar Safana, wanda ya fara riƙe alli a Batsari a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimi kyauta na UPE, ya iya tsintar kansa yana yawon buɗe ido a Turai da 'yan canjin da suka rage daga kuɗin guzurin karatu. Katsina ba ta zama jiha ba tukuna, sai 1987. Daga Kaduna aka tura mu kwas ɗin horar da malamai a arewacin Ingila. Ko biza ba a tambayar ɗan Najeriya a filin jirgin Landan a lokacin, sai a 1986 aka sanar za a ƙaƙaba mana ita.

Da dogon hutu ya zo a 1982, bayan ƙaramar salla da 'yan makonni, ɗakunan kwanan ɗalibai suka zama kufai. Abokin karatuna, ɗan Maroko daga yankin Nador, ɗan ƙabilar Rif, ya ce da in zauna ina biyan haya ina kallon yayyafi ta taga, gara in bi shi gida. Ta ƙasa za mu bi, in ji shi, inda ƙasa ta ƙare mu hau ruwa. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, mu yada zango a Garnaɗa, wadda taswira ke kira Granada. Abin da na sani a kanta bai wuce layi biyu na darasin tarihi a kwalejin horon malamai ta Katsina ba: ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a 1492.

Faransa ban gan ta ba, ratsa ta na yi. Paris a wurina tashar jirgin ƙasa biyu ce da rami a tsakaninsu. A kan iyakar Sifaniya aka sauke mu da kayanmu muka sake jirgi, don faɗin dogonsu ya fi na Faransa. Bangayen Madrid har lokacin suna ɗauke da hotunan gasar cin kofin duniya da aka gama a watan Yuli, wadda Italiya ta ɗauka, kuma duk wanda ya ga baƙar fata sai ya ce, "Kamaru?" don 'yan Kamaru sun buga wasa uku ba wanda ya ci su. Na gaji da gyarawa, na koma gyaɗa kai.

Da hantsi muka isa Garnaɗa. Zafin Agusta ya tare mu tun a bakin tasha, busasshen zafin da jikina ya daɗe yana kewa. Muka kama ɗaki a ƙaramin masaukin wata tsohuwa kusa da dandalin Plaza Nueva. Abinci ne ya fara ba ni aiki. Duk shagon da ka leƙa, busassun cinyoyin alade ne a rataye a saman kanka. Muka tsaya kan burodi da zaitun da ƙwai da soyayyen kifi, da wani markaɗen tumatir da suke sha da sanyi. Da azahar gari ya mutu murus, aka garƙame shaguna kowa ya tafi barci. Ƙarfe goman dare kuma sai ga su, yara da tsofaffi, sun fito cin abinci.

Washegari da sassafe muka hau tudun Alhamra ta cikin wani kurmi mai inuwa, ruwa na gudu a lambatu hagu da dama. A bakin ƙofa muka yanki tikiti muka shige. Yanzu sai mutum ya kama gurbi ta intanet tun kafin ya bar gida, a rubuta masa sa'ar da zai shiga fada. Daga waje ginin bai yi wa ido alkawarin komai ba, jar ganuwa ce da hasumiyoyi masu kusurwa huɗu. Muhammadu ɗan Ahmar ya aza harsashinta a 1238, zuriyarsa, Banu Nasr, suka mulki garin daga cikinta shekara 250 da ɗoriya. Sassan da ake tururuwar gani aikin sarki biyu ne na ƙarni na 14, Yusufu na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar.

Masu ba da labarin Alhamra sukan fara da adon bango. Ni ruwa ne ya tsayar da ni. Wanda ya tashi a yammacin Katsina, ya san tonon yashin rafi da ƙwarya a watan Afrilu, ya san zaman jiran ruwa ya tsatso kafin a cika tulu ɗaya, ba zai ga ruwa yana gudu a kan tudu ya wuce bai tambayi ta ina aka hau da shi ba. Amsar babu inji a cikinta. Sun hau can sama, kimanin kilomita 6 a kan kogin Darro, inda kogin ya fi fadar bisa, suka tare shi, suka yanka masa magudana a jikin tsauni mai gangara kaɗan-kaɗan. Ruwan ya biyo da ƙafarsa har lambun sarki da ake kira Generalife, daga can ya tsallaka ta kan gada ya shiga cikin ganuwa. Nan aka raba shi: na gidan wanka daban, na alwala daban, na lambu, na dogon tafkin da hasumiyar fada ke kallon fuskarta a ciki. A Generalife akwai wata matakala da aka fafe saman katangunta biyu, ruwa na gangarowa ta daidai inda mutum ke ɗora hannu. Na hau, na sauko, na sake hawa, hannuna cikin ruwa, har abokina ya ce, "Malam, mutane fa suna kallonka."

A daidai lokacin ana gina madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, muna ta murnar za a yi noman rani a sha ruwan famfo. An gama ta a 1983. Ruwan ya kwanta kusan shekara arba'in kafin a kai shi famfunan Katsina. Mutanen Garnaɗa, da ba su da siminti ba su da injin turo ruwa, sun riga mu gane cewa aikin yana ga magudana.

Filin zakuna kowa ya ga hotonsa: zaki goma sha biyu na farin marmara sun goyi babbar kwatarniya, ruwa na fita ta bakin kowanne, magudana huɗu sun haɗa su da ɗakunan da ke kewaye, ga siraran ginshiƙai 124 a tsaye. Maganar gaskiya zakunan ba su yi kama da zaki ba. Da alama wanda ya sassaƙa su labari ya ji.

Sai bangaye. Abin da baƙin Turawa ke kallo a matsayin ado, ni rubutu na gani. Wanda aka yi da tsohon salon Kufa mai kusurwoyi ya yi mini nauyi, amma wanda aka ja a sake ɗan'uwan hannun da muka koya a allo ne. Ayoyi ne, da salati, da waƙoƙin waziri Ibn Zamrak, da taken gidan sarautar mai tunatarwa cewa rinjaye na Allah ne, an maimaita shi a bango da ginshiƙi da saman ƙofa har ido ya gaji. Wani mai yi wa ayarin baƙi bayani ya ji ni ina bi da yatsa ina karantawa ƙasa-ƙasa, ya yi shiru, ayarin duk ya juyo. Wata dattijuwa ta tambayi abokina ko ni malamin jami'a ne. Ya ce mata a'a, a ƙasarsu yaro ɗan shekara bakwai ma yana karanta wannan. Ya ƙara gishiri, amma ba da yawa ba.

A tsakiyar wannan laushin aka dasa fadar Sarki Carlos na Biyar, wadda aka fara a 1527, jibgegen ginin dutse, murabba'i a waje, da'ira a ciki. Masana gini suna yaba ta. Ni ban ga abin da ya kawo ta nan ba, in ba a nuna wa mai gida cewa an gaje shi ba. Shi kansa Carlos bai taɓa kwana a ciki ba, ko rufi ba ta samu ba sai a ƙarni na 20.

Da la'asar muka sauko cikin gari. Muka leƙa Corral del Carbón, zangon fatake na ƙarni na 14, da tsakar gidansa da wurin shayar da dabbobi da ɗakunan baƙi a bene. Muka kewaya babbar majami'a, wadda aka gina ita da maƙwabtanta a wajen da babban masallacin Juma'a yake a da. A jikinta aka binne Fardinan da Isabela, waɗanda sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa wa makullan gari ran 2 ga Janairun 1492. Daura da ƙofar kabarin nasu akwai wani gini da aka yi wa fuska irin ta Turawa, amma ɗan ɗakin sallarsa da mihirabinsa suna nan a ciki. Makarantar da Yusufu na Ɗaya ya gina ce a 1349.

A nan Kawu ya faɗo mini a rai. Yayan mahaifiyata ne, malamin zaure a Safana, wanda magidanta ke ɗaukar karatu a wurinsa bayan asuba. Abokina, da ya yi allo irin namu kafin boko, shi ya riƙa lissafo mini sunaye muna tsaye a bakin makarantar. Tuhfa, littafin hukunci a waƙe da alƙalan Arewa suka daɗe suna dogara da shi, wanda Kawu ke ajiyewa a gafaka ta musamman, mai shi Ibn Asim babban alƙalin Garnaɗa ne, a nan ya rasu a 1426. Ashafa da ake karantawa duk watan azumi a zaurukanmu da fadojin sarakuna ta Alƙali Iyal ce, mutumin Sabta, shi ma ya riƙe alƙalancin garin nan. Ishiriniya da ake rerawa daren Juma'a da watan Mauludi, mai ita Alfazazi haifaffen Kurɗuba ne. Alfiyya ta nahawu kuwa, mai ita Ibn Malik ɗan Jayyan ne, garin da bai kai tafiyar awa biyu a mota daga inda muke tsaye ba. Duk sunayen nan na san su tun ina yaro ina kai wa Kawu ruwan alwala. Yaro dai yakan ɗauka duk malaman littafi mutanen gabas ne, Makka ko Misira. Ashe rabin gafakar Kawu daga yamma ta zo, daga ƙasar da yau ake rataye cinyar alade a shago.

'Yan taku kaɗan daga nan akwai dandalin Bib-Rambla, cike da masu sayar da furanni da teburan shan shayi. Yarjejeniyar miƙa gari ta 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba ta shekara goma ba aka karya ta. A 1499 Cisneros, babban limamin cocin Toledo, ya zo ya fara tilasta wa mutane barin addini, kuma a wannan dandali aka tara dubban littattafan Larabci aka cinna musu wuta, na likitanci kaɗai aka ware. Jikokin waɗanda suka karɓi Kiristanci ma ba su tsira ba, tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga Sifaniya. Na zauna a bakin maɓuɓɓugar dandalin ina bin sawu a raina. Littafin da aka haramta mallakarsa a garin da aka rubuta shi ya tsallaka teku, ya sauka Fas da Tilimsan, ya hau raƙumi ya bi ta Tuwat da Agadas, ya shigo Katsina, ga shi a zauren ƙasa a Safana ana biya shi kullum safiya. A wajajen shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa ne Shehu Magili, mutumin Tilimsan, yake Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna a Katsina. Hanyar tana ci tun kafin a san za a buƙace ta haka.

Da yamma muka hau unguwar Albaizin, tudun da ke fuskantar Alhamra. Lunguna ne masu ƙunci, fararen gidaje, rijiyoyin tara ruwa na bulo a kan kusurwoyi, da hasumiyoyin coci waɗanda kallo ɗaya za ka yi musu ka san ladan aka gina wa. Masallaci kuwa ba mu samu ko ɗaya ba, a ɗakinmu muka yi ta salla a kan tawul. Sai a 2003 aka buɗe sabon masallaci a kan wannan tudu.

Daga garin nan aka fita da wani yaro, Hasan Alwazzan, iyayensa suka yi hijira zuwa Fas. Ya girma ya yi yawon Afirka, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai wa Paparoma Leo na Goma, Turawa suka san shi da Leo Africanus. Ta cikin littafinsa da aka buga a Venis a 1550 yawancinsu suka fara jin sunan Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Kano ya yabe ta, da ganuwarta da attajiranta da shinkafa da auduga. Katsina kuwa cewa ya yi duwatsu ne da busassun gonaki da bukkoki da yunwa. Akwai masanan da ke shakkar ko ya taɓa taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, ni ma ina bayansu, ko don kishin gida. Duwatsun dai ban musa masa ba, wanda ya bi hanyar Ruma ta wajenmu ya san suna nan.

Zuwa bakin teku a bas muka yi. A Guadix muka ga mutane zaune cikin kogunan da suka fafe a jikin tudu, fararen bututun hayaƙi sun ɓullo ta saman ƙasa. Da muka gangara hamadar Tabernas sai na ji kamar na san wurin. Na san shi kuwa. Finafinan kaboyi na Clint Eastwood da muke kallo a silima a Katsina ranar da aka ba mu izinin fita daga kwaleji, a nan aka ɗauki wasunsu a shekarun 1960, ba a Amurka ba.

Almeriya gari ne da ya jingina da ƙaton sansanin da Halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a 955. A wani ƙaramin gari na wannan lardi, Cuevas del Almanzora, aka haifi Judar, wanda aka kama yana yaro, ya tashi a fadar Sarkin Maroko Ahmad Almansur, ya ja rundunar 'yan bindiga ta ratsa Sahara ta karya Askiya Ishaƙa na Biyu a Tondibi a 1591. Rushewar Songhai na cikin abin da ya karkato da fatake da malamai zuwa gabas, Katsina ta ci moriyar haka a ƙarni biyun da suka biyo baya. Ba littafi kaɗai hanyar nan ta ɗauko mana ba.

Jirginmu na tsakar dare ne. Tun magariba filin tashar ya cika da motoci masu lambar Jamus da Holan da Beljiyam da Faransa. Mutanen Rif ne masu aikin ma'adinai da masana'antu a can, Agusta ne watan hutunsu. Fijo 504, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, da ƙananan bas-bas, an labta musu kaya a sama an ɗaure da tamfol har sun durƙusa: firji, keke, katifa, kujeru. Wasu tun shekaranjiya suke tuƙi. Mata na dafa shayi da na'ana'a a kan ƙananan risho, yara na barci a kan kaya. Da aka buɗe bakin jirgin motoci suka fara shigewa cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na ihu suna nuni da hannu, sai wurin ya koma mini tashar motar Batsari ranar kasuwa, illa dai wannan tashar ita ma tafiya za ta yi.

Tikitinmu mafi araha ne, ba ɗaki ba gado, kujera ce a babban zaure. Ɗakuna na masu hali ne da hafsoshin soja. Ƙananan sojoji kuwa, samarin da aka ɗiba aikin soja na dole aka tura su Meliliya, suna tare da mu, sun yi jugum a kan jakunkunansu suna zuƙar taba. Na riga na tsallaka mashigin Ingila zuwa Faransa a jirgin ruwa, amma wancan da rana ne, gaɓa na hango gaɓa, kafin ka gama shan shayi an iso. Wannan kwana za a yi. Tsakaninmu da Afirka bai kai kilomita 200 ba, amma jirgin ba ya gaggawa, kusan awa takwas yake ɗauka don ya isa da safe.

Ya yi kuka, aka kwance igiyoyi, fitilun Almeriya suka yi ta ja da baya. Zauren ya cika da hayaƙi da kukan jarirai, muka ɗauki bargo muka hau bene na sama, sararin Allah. Can muka tarar wasu sun riga mu, sun shimfiɗa kwali da barguna tsakanin kwalekwalen ceto. Kusa da inda muka raɓa akwai wani dattijo mai tari, ya yi shekaru a ramin kwal a Beljiyam. Ya tambayi abokina da yarensu, wanda ɗan'uwan yaren Buzayenmu ne, ni mutumin ina ne. Da aka ce Najeriya sai ya ce ƙasar Sudan ke nan, ya tambaya ko mu 'yan Tijjaniyya ne, ko na taɓa zuwa Kaulaha. Larabcina na littafi ne, nasa na kasuwa, muka haɗu a tsakiya. Ya kwance ƙunshi ya turo mini burodi da zaitun da dafaffen ƙwai.

"Ci, ɗana. Teku ba ta son ciki wofi."

Na ci, na gode. Teku kuma ba ta so cikakken cikin ba. Can dare ya raba iska ta taso daga yamma, jirgin ya fara sunkuyawa yana ɗagowa, duk abin da dattijon ya ba ni na mayar wa kifaye. Bai yi dariya ba. Ya yanko lemun tsami ya ce in tsotsa, in koma tsakiyar jirgi in kwanta rigingine, in daina kallon ruwa. Na kwanta, rugugin inji na bin ƙarfe yana shiga ƙashin bayana. Na nemo Kaza da 'Ya'yanta, na same ta ta ɗago daga gabas, ta hannun hagun jirgin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan dare shi ne barcin mutane. Sun yi barci har da minshari a kan ruwan da babu wanda ya san zurfinsa a cikinmu. Uwaye sun rungume jarirai, magidanta sun yi matashi da takalma, sojoji sun jingina da juna. Tsallaka tekun nan a wurinsu hanyar gida ce, tikiti da fasfo a aljihu, shi ke nan. Ganinsu ya sa ni ma barcin ya sace ni.

Dattijon ne ya tashe ni da asuba. Muka yi alwala a famfon bayan gida muka dawo sama. Ya dubi taurari, ya dubi inda jirgi ya dosa, ya tsayar da sahu yana fuskantar hagun jirgin, tunda kudu muka nufa. Ya kabbara ya saki hannuwa, ya yi karatu da ruwayar Warshu, ya yi ƙunuti a asirce kafin ruku'u, ya yi sallama ɗaya. Tun da na bar gida ban saki jiki a bayan liman kamar wannan asubar ba. A garin da nake karatu a Ingila masallacin na mutanen Pakistan ne, mabiya Abu Hanifa, mutanen kirki, amma kullum sai an saci kallon hannuwana. Muna raka'a ta biyu jirgin ya ɗan karkata, don mun fara kusantar tsinin ƙasar da ake kira Tres Forcas, sai na ga liman ya gyara ƙafafunsa a hankali ya juya, sahu ya bi shi.

Gari na wayewa dutsen Gurugu ya bayyana, sannan tsohuwar ganuwar Meliliya a kan dutse a bakin ruwa. Ƙasar Afirka ce, amma tutar Sifaniya ke kaɗawa a kanta tun 1497, gari ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 12. Muka yi sallama da dattijon a bakin motar ɗansa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a. Bas ta kai mu kan iyaka a Beni Ansar. Gajeren shingen waya ne da rumfar jami'ai, mata 'yan dako na shige da fice da ƙunshin kaya a baya. Aka buga mana hatimi, muka mayar da agogo baya da awa biyu, muka shiga Maroko da ƙafa.

Na sake ganin wurin a talabijin a watan Yunin 2022, ban gane shi ba. Shinge ne riɓi-riɓi ya kewaye garin, tsayinsa mita 6, wani wurin har 10. Ran 24 ga watan mutum kusan 2,000, yawancinsu 'yan Sudan, suka yi yunƙurin haurawa. Hukumomin Maroko sun ce 23 suka mutu, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce sun fi haka. Dajin Gurugu da ya ba ni sha'awa da safiyar isowarmu, a cikinsa baƙaƙen fata 'yan ci-rani ke ɓuya wata da watanni, tekun da na yi barci a kansa kuma shi ake shiga da kwalekwalen roba cikin duhu. Mutanen Maroko kansu tun 1991 sai da biza suke shiga Sifaniya. Idan ina ba jikokina wannan labari nakan tuna cewa hanyar da muke bi da keke daga Batsari zuwa Runka bayan an tashi kasuwa, ta gefen dajin Rugu, har isha'i ta riske mu ba abin da muke tsoro sai faci, ita ma yau ba mai bin ta da dare.

Na kwana biyu a gidan su abokina, mahaifiyarsa ta yi ta ɗura mini kuskus don in mayar da abin da teku ta ƙwace. Daga nan muka je Fas, na ziyarci zawiyar Shehu Tijjani da masallacin Ƙarawiyyin, a wani shagon littattafai na kusa da shi kuma na sayo wa Kawu Tuhfa bugun ɗab'i da sharhinta.

Da na gama kwas na dawo, na je Safana gaishe shi. Zaure ya cika, masu tambayar ƙanƙara na yi, masu tambayar ko gaskiya ne Turawa ba sa gaisawa na yi. Sai da aka watse na matsa na durƙusa na miƙa masa littafin.

"Allah ya gafarta Malam, na je garin mai Tuhfa."

Ya juya littafin a hannu. "Akwai masu karanta shi can?"

"Babu, Kawu."

Ya yi shiru. Na fara ba shi labarin fada da zakuna da ruwan da ke hawa tudu, na ga hankalinsa ba ya nan.

"An ce kwana kuka yi a kan teku. Ina kuka duba da salla?"

Na bayyana masa yadda dattijon ya tsayar da sahu.

"Da jirgin ya juya fa?"

"Liman ya juya, muka bi shi."

"Madalla. Wannan ya karanci Muhtasar."

Ya sa aka ɗauko gafakarsa, ya zaro tasa Tuhfar ta rubutun hannu, ya ajiye ta gefen sabuwar. Ya kira babban almajirinsa ya ce ya riƙa karanta bugun ɗab'in baiti-baiti, shi yana bi da yatsa a nasa. Kafin la'asar sun tarar da wuraren da littattafan suka saɓa. Wasu ya yarda kuskuren mai kwafin nasa ne. A wuri biyu kuwa ya ce injin ne ya yi tuntuɓe, ya sa aka kawo tawada da alƙalami ya gyara wa mutanen Fas a gefen shafi.